Steve Barron: gwanin bidiyon minti biyar ne kawai, ko daraktan fim ne na gaske?

Abba_Kyamara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wani darakta da na tabbata kusan kowa a nan ya taɓa ganin aikinsa, amma da wuya a samu mutum biyar da suka san sunansa. Steve Barron, haifaffen Dublin ta ƙasar Ailan, 1956. Shi ya ba da umarnin bidiyon Billie Jean na Michael Jackson a 1983, wanda daɓen titi ke kama haske duk inda Michael ya taka. Shi ya yi Take On Me na ƙungiyar mawaƙan a-ha a 1985, mai zanen fensir ɗin nan. Shi ya yi Money for Nothing na ƙungiyar Dire Straits, a wannan shekarar dai. Daga baya ya koma fim da talabijin, ya shafe shekara sama da talatin a can. Ni dai a ganina komawar ba ta ƙara masa komai ba. Duk abin da duniya za ta tuna shi da shi ya gama yinsa tsakanin 1981 da 1986, kuma kowanne bai wuce minti biyar ba. Gwanin gajeren abu ne, dogon labari ba nasa ba ne. Wa ke da ja?

Maman_Iman:
Wa alaikumus salam. Wallahi ban taɓa kawowa mutum ɗaya ne ya yi ukun nan ba. Ko kama da juna ba sa yi.

Kawu_Lawal:
Abba ka tayar mini da tsohon tsumi. Lokacin da Billie Jean ya iso mana, a unguwarmu gida ɗaya ne ke da na'urar bidiyo. Mu samari a tsakar gidan muke cika bayan isha'i, a mayar da kaset baya, a sake, har mai gidan ya ce kan na'urar ya yi zafi a bari ya huce. Gardamar da muke tafkawa ita ce ta daɓen nan: wasu su ce fitila ce a ƙasa, wasu su rantse a takalminsa abin yake. Ga kuma tafiyar baya-baya da ya yi a ciki, wadda ta cinye mana takalma. Babu wanda ya taɓa tambayar wa ya ɗauki hoton.

Nura_Waka:
Kawu, Allah ya ƙara girma, tafiyar baya-bayan ba ta cikin bidiyon Barron. A bikin cikar kamfanin Motown shekara 25 ya fara yin ta a gaban jama'a, aka nuna a talabijin a watan Mayun 1983, kuma waƙar Billie Jean ɗin yake rerawa a lokacin, shi ya sa mutane da yawa ke haɗe su. Abin da ke cikin bidiyon shi ne juyi da tsayawa kan yatsun ƙafa.

Kawu_Lawal:
Kaset ɗinmu a jere suke, wannan na ƙarewa wancan na shiga. Allah ya yi albarka, Nura. Fitilar fa, wa ya yi gaskiya a cikinmu?

Nura_Waka:
Masu cewa fitila ce, Kawu. Barron da kansa ya sha ba da labarin. Kuɗin aikin wajen dala 50,000 ne, bai isa a yi daɓen da zai kama da kansa in an taka ba. Sai aka sa fitila a ƙarƙashin wasu 'yan kaɗan, mai lantarki yana gefe yana kunnawa da hannu daidai lokacin da ƙafar Michael ta sauka. Ku kwatanta da Beat It, wanda Bob Giraldi ya yi 'yan makonni bayan nan da wajen dala 150,000, da Thriller na John Landis da ya ci kusan rabin miliyan. Barron ne ya samu mafi ƙarancin kuɗi a ukun.

Sani_Edita:
Abba, ina da ja, kuma ba ƙarami ba. Ka lissafa bidiyo uku ka tsallake Teenage Mutant Ninja Turtles na 1990, fim ɗin kunkurayen nan huɗu masu faɗa. Barron ne daraktansa. An kashe dala miliyan 13.5, ya dawo da sama da miliyan 200. A lokacin babu fim ɗin da aka yi a wajen manyan kamfanonin Hollywood da ya taɓa kawo kuɗi haka, kuma ya riƙe wannan kambun har 1999 da The Blair Witch Project ya karɓe.

Ka kuma duba yadda aka yi shi. Manyan kamfanoni duk sun ƙi karɓar rarraba shi, suna ganin shirme ne. Golden Harvest ta Hongkong, kamfanin da ya fito da Bruce Lee, ita ta sa kuɗi, New Line Cinema da take ƙarama a lokacin ta rarraba. Kunkurayen ba zanen kwamfuta ba ne. Mutane ne a cikin riguna masu nauyi da ma'aikatar Jim Henson, gwanin 'yan tsanar talabijin, ta ƙera a Landan, fuskar kuma wani ne daban yake motsa ta daga nesa da na'ura. Wato kowane kunkuru aikin mutum biyu ne ko fiye, na ciki yana motsa jiki, na waje yana motsa baki da ido, kuma dole su zo daidai. A zafin bazarar North Carolina aka yi ɗaukar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a lokeshan ya san wahalar sa jarumi ɗaya ya yi abin da kake so, balle wannan.

Kuma ya zaɓi ya bi asalin littafin zane na Kevin Eastman da Peter Laird na 1984, mai duhu da fushi, ya bar salon katun ɗin yara na talabijin. Shi ya sa tsakiyar fim ɗin ta yi sanyi: an raunata Raphael, ɗaya daga cikin kunkurayen, an sace malaminsu, sun gudu wani gidan gona sun zauna jugum. Mai tsoron dogon labari ba ya tsayar da faɗa ya bar 'yan kallo da baƙin cikin kunkuru.

Abba_Kyamara:
Malam Sani, ban manta da shi ba. Amma kunkurayen sun riga sun yi suna kafin fim ɗin, yara na kallon katun ɗin tun 1987, ana sayar da 'yan tsanarsu ko'ina. Ko wa aka ba aikin, sinima za ta cika. Kawo mini wanda ba shi da wannan gata. Electric Dreams na 1984, fim ɗinsa na farko, labarin kwamfutar da ta kamu da son maƙwabciyar mai ita: bai yi kasuwa ba, waƙar da Giorgio Moroder da Philip Oakey suka yi masa ta fi fim ɗin suna har yau. Coneheads na 1993 da Dan Aykroyd, bai yi ba. The Adventures of Pinocchio na 1996 da Martin Landau, bai yi ba. Uku cikin huɗu ke nan.

Sani_Edita:
"Ko wa aka ba" ɗin nan ne ban yarda da ita ba, don an gwada. Kashi na biyu a 1991 wani daraktan aka ba, Michael Pressman, aka rage duhun, aka rage amfani da makamai saboda ƙorafin iyaye. Kuɗin da ya kawo bai kai rabin na farko ba. Kuma ka sani ba a bar Barron ya ƙarasa tace na farkon ba, furodusoshi sun karɓe aikin a matakin ƙarshe. Editar da ya fara aiki da ita, Sally Menke, ita ce daga baya ta riƙa tace wa Quentin Tarantino finafinansa. Mutum ya san hannun da zai ɗauko.

Ummi_Zane:
Ku ba ni dama in shigo ta wata ƙofar. Ni zane nake yi, kuma abin da ke ci mini rai duk lokacin da aka ambaci Take On Me shi ne yadda ake cewa "Barron ya yi". Abin da ya sa bidiyon ya zama abin da ya zama zanen ne, kuma Michael Patterson da Candace Reckinger ne suka yi shi. An fara ɗaukar mawaƙin a-ha Morten Harket da 'yar wasa Bunty Bailey da kyamara kamar kowane fim. Sannan aka bi hoton ɗaya bayan ɗaya ana ɗora takarda ana kwafe shi da fensir, wajen zane 3,000, aka yi mako 16 ana yi. Rawar da layukan ke yi a ido ba dabarar na'ura ba ce, hannun mutum ne da ba zai taɓa maimaita layi iri ɗaya sak ba. Na taɓa gwada salon a wani ɗan tallan sabulu, 'yan daƙiƙu kaɗan, sai da wuyan hannuna ya kumbura. Yaya Abba yana cewa ba a san sunan darakta ba. Masu zanen fa?

Dan_Zango:
Ummi ta faɗi gaskiya. Haka Money for Nothing ma. Ma'aikatan nan biyu masu ɗaukar firji da talabijin, Ian Pearson da Gavin Blair ne suka gina su a kwamfuta, lokacin da siffar mutum a kwamfuta ba ta wuce akwatuna da aka jera ba. Su ne daga baya suka je Kanada suka yi ReBoot, katun ɗin talabijin da aka yi kacokan da kwamfuta a 1994.

Sani_Edita:
Ƙanwata Ummi, ba wanda zai rage wa masu zane haƙƙinsu. Amma ki tambayi kanki: me ya sa zanen yake da ma'ana? Jeff Ayeroff na Warner Bros ne ya haɗa Barron da masu zanen. Salo ne a hannu, ba labari. Sai da aka samo dalilin da zai sa rabi ya zama zane rabi ya zama mutane: yarinya zaune a shagon shayi tana karanta littafin zane, hannu ya fito daga shafin ya kira ta. Daga nan komai ya samu wurin zama, har madubin da in ka tsaya ta wannan gefen kai zane ne, ta wancan kai mutum ne. In babu hannun nan, wahalar mako 16 ado ce kawai. Aikin darakta ke nan.

Ummi_Zane:
Na yarda da batun hannun, Yaya Sani. Abin da ban yarda ba shi ne a ce kyauta shida da bidiyon ya ci a bikin MTV, tashar bidiyon waƙoƙi, na 1986 duk hular mutum ɗaya za a sa wa.

Nura_Waka:
A wannan bikin dai abin mamaki ya faru: Take On Me ya ba Barron kyautar gwarzon darakta, amma kyautar bidiyon shekara Money for Nothing ne ya ɗauke. Da kansa ya kayar da kansa. Kuma don a san ƙarfin bidiyo a lokacin: a-ha sun fara fitar da Take On Me a 1984, ban da ƙasarsu Norway babu inda ta je. Aka sake ɗaukar waƙar, aka yi mata wannan bidiyon, a Oktoban 1985 ta hau lamba ɗaya a Amurka. A 2020 ta haye kallo biliyan ɗaya a YouTube. Shi kuwa Mark Knopfler na Dire Straits ba ya son harkar bidiyo mai labari sam, ya fi son a nuna su suna kiɗa. Sai da Barron ya bi shi har Budapest inda suke wasa ya shawo kansa. Bidiyon da mai shi bai so ba, shi MTV ta Turai ta buɗe tasharta da shi ranar 1 ga Agustan 1987.

DanMaradi:
Salamu alaikum. Ni tambayata daban ce. Kuna ta cewa ɗan Ailan. Mawaƙan da kuka lissafa, Ba'amurke, 'yan Norway, 'yan Ingila. Finafinan na Amurka. Mi ya rage na Ailan a ciki in ba wurin haihuwa ba?

Malam_Tukur:
Tambaya mai kyau, mutumin Maradi. A Dublin aka haife shi amma a Landan ya tashi, a can kuma ya koyi aiki. Mahaifiyarsa Zelda Barron 'yar harkar ce, ta daɗe tana aikin kula da kada wata fitowa ta saɓa wa wadda ta gabace ta, kafin ita ma ta zama darakta, ta yi Shag a 1989. Shi kuma ta ƙasa ya faro, yaron masu kyamara, ya yi aiki a A Bridge Too Far, da kuma The Duellists na Ridley Scott, a 1977, da Superman a 1978. Da 'yar'uwarsa Siobhan suka kafa kamfanin Limelight, ya fara yi wa The Jam bidiyo a ƙarshen shekarun 1970. Bidiyon Don't You Want Me na The Human League a 1981, wanda aka ɗauka kamar ana shirya fim a cikin fim, shi ya sa ɓangaren Michael Jackson suka neme shi.

Amma kada a ɗora masa laifin barin gida. Ailan ta wancan lokacin ba ta da masana'antar da za ta riƙe mutum. Gidan talabijin ɗinsu na RTÉ sai daren ƙarshe na 1961 ya fara aiki. Akwai sutudiyon Ardmore a Bray tun 1958, amma yawanci baƙi ne ke zuwa su yi aikinsu su tafi. Hukumar fim ɗin ƙasar da aka kafa a farkon shekarun 1980, gwamnati ta rufe ta a 1987. Sai a 1993 aka farfaɗo da ita, bayan Neil Jordan ya ci Oscar da rubutun The Crying Game, a hannun ministan al'adu Michael D. Higgins, wanda ya zama shugaban ƙasa a 2011. Duk mai son fim a tsarar Barron, hanyarsa Landan ce.

DanMaradi:
Na gode Malam. Kenan bai taɓa komawa ya yi wani abu a can ba?

Malam_Tukur:
Ya koma. Rat na 2000 a Dublin yake, da Pete Postlethwaite da Imelda Staunton: magidanci ya dawo daga mashaya ya rikiɗe ya zama ɓera, iyalinsa suka shiga shawarar yadda za su yi da shi, matar kuma ba ta fasa yi masa faɗa ba. Barkwanci ne irin nasu na can. Treasure Island da ya yi wa Sky a 2012, da Eddie Izzard da Elijah Wood, shi ma an ɗauki wani ɓangarensa a Ailan.

Hajara_Zariya:
Ni fa tun ɗazu jira nake a zo kan Merlin. Na ga an ce shi ya yi. In haka ne Abba ka janye maganarka kawai, don a gidanmu har kakarmu ta san Merlin da Arthur da Gaius. Zango biyar muka kalla ba mu tsallake ko ɗaya ba.

Dan_Zango:
Anti Hajara, ba wannan ba ne. Wanda kike nufi na BBC ne, 2008 zuwa 2012, da Colin Morgan. Na Barron ya girme shi da shekara goma: 1998, tashar NBC ta Amurka, dare biyu aka nuna shi. Sam Neill ne Merlin, Miranda Richardson ce Sarauniya Mab, akwai Helena Bonham Carter da Martin Short. Ya bi rayuwar Merlin tun haihuwa har tsufa, kuma ya ci kyaututtukan Emmy.

Hajara_Zariya:
To zan nema. Amma ko a hakan, wanda ya riƙe mutane dare biyu ai ba a ce masa mai minti biyar ba.

Sani_Edita:
Hajara ta taɓo inda nake son zuwa. Abba yana auna mutumin da sinima kaɗai, alhali a talabijin ya fi daɗewa. Tun 1987 Jim Henson ya ba shi kashin farko na The Storyteller, inda John Hurt ke zaune bakin murhu da karensa yana ba da tatsuniyoyin Turai. Hans My Hedgehog, labarin yaron da aka haifa rabinsa bushiya, ya ci Emmy. Wannan alaƙar ce ta sa Henson ya yarda ya ƙera masa kunkurayen, kuma Henson ya rasu a Mayun 1990, makonni kaɗan bayan fitar fim ɗin. Sai Merlin, sai Arabian Nights a 2000, sai DreamKeeper a 2003 kan tatsuniyoyin 'yan asalin Amurka, ukun duk tare da furodusa Robert Halmi. Ku lura da abin da ke maimaituwa: wani yana ba da labari, sai labarin ya buɗe a shiga cikinsa. Abin da ya yi da littafin zane a Take On Me ke nan. Ni ban ga mutum biyu ba, na ga mutum ɗaya da abin da ke damunsa bai canza ba.

Maman_Iman:
Arabian Nights ɗin na kalla! Ashe shi ne. Mu da muka tashi da Dare Dubu da Ɗaya a bakin iyayenmu mata, na zauna ne da shirin kushewa. Abin da ya kama ni shi ne yadda ya ɗauki ciwon sarkin da gaske. Shahriyar ɗinsa ba azzalumi ba ne kawai, mutum ne da cin amana ya taɓa masa hankali, kuma kowane labari da Shaharzad ta zaɓa magani ne take ba shi a fakaice. Na Ali Baba da na Alauddin duk suna ciki. John Leguizamo shi ya fito a aljanin fitila da na zobe duka biyu. Inda ban ji daɗi ba, manyan jaruman kusan duk ba Larabawa ba ne ba Farisawa ba, ga Dougray Scott ɗan Sikotilan a matsayin sarki, duk da a Turkiyya da Maroko aka yi ɗaukar.

Bello_Tarihi:
Tunda Maman Iman ta buɗe wannan babin, bari in ƙara. Kuna ta yabo, babu wanda ya ambaci bidiyon Africa na Toto, 1982. Barron ne ya yi shi. Me ke ciki? Bature a ɗakin karatu yana neman littafi, baƙar mace da tabarau tana zaune, sai ga wani da garkuwa ya jefo mashi, fitila ta faɗi, littattafai suka kama wuta. Nahiya guda an taƙaita ta a mashi da garkuwa. Mawaƙan ba su taɓa taka Afirka ba lokacin da suka rubuta waƙar, bidiyon kuma bai gyara musu ba, ƙara musu ya yi. In za a ba shi ladan hannun da ya fito daga littafi, a ba shi alhakin mashin nan ma.

Nura_Waka:
Gaskiya ne Malam Bello, ba na kare wannan. Sai dai a ajiye shi kusa da abin da Billie Jean ya yi shekara guda bayansa. MTV ta fara aiki 1 ga Agustan 1981, kuma a farkonta da ƙyar ake ganin baƙar fata, suna cewa su tashar kiɗan rock ce. Billie Jean na cikin na farko na baƙin mawaƙi da suka riƙa sawa safe da yamma. Shugaban CBS Records, Walter Yetnikoff, ya ce sai da ya yi musu barazanar janye duk mawaƙansa. Mutanen MTV sun musa, suka ce da ma za su sa. Ko wanne ne gaskiya, bayan Maris 1983 ƙofar ba ta sake rufuwa ba.

Bello_Tarihi:
Michael ne ya buɗe ƙofar da ƙafarsa, Nura. Da wani ne ya riƙe kyamarar ma za ta buɗe.

Abba_Kyamara:
A nan kam zan kare shi, duk da ni na kawo ƙararsa. Ni mai ɗaukar hoto ne, na san abin da ake nufi da barin mai rawa ya yi rawarsa. Barron da kansa ya riƙe kyamara a wannan fitowar. Bai cika ta da yanke-yanke ba, ya bar jikin gaba ɗaya a cikin hoto, ya tsayar da hoton a daidai inda Michael ya hau yatsu, ya raba allon gida-gida don ido ya ga ƙafa da fuska lokaci guda. Na sha ganin an kashe rawa mai kyau da yawan yanka, har a ayyukan da aka kira ni na ɗauka: ka dawo ka ga edita ya mayar da ita gutsi-gutsi, ba ka ga inda ƙafa ta sauka ba. Wannan sanin ne nake cewa ya fi ƙarfi a gajeren aiki.

Ummi_Zane:
Batun rashin sanin suna da aka faro da shi, akwai dalili. Sai a 1992 MTV ta fara rubuta sunan darakta a ƙasan bidiyo tare da na mawaƙi. Su Spike Jonze da Michel Gondry sun ci wannan moriyar, mutane suka san su tun kafin su yi fim. Barron ya gama manyan bidiyoyinsa kafin nan. Yanzu a Legas kafin waƙa ta fara ka ga sunan Clarence Peters ko TG Omori ɓaro-ɓaro. Har yanzu dai ban ga inda ake rubuta na mai zane a farko ba.

DanMaradi:
In ana neman ɗan Ailan da ya bi wannan hanya kuma ya tsaya gida, ga John Carney. A da shi ke kaɗa jitar bes a ƙungiyar The Frames, yana yi musu bidiyo, ya yi Bachelors Walk a RTÉ, sannan Once a 2007 a titunan Dublin da kuɗin da bai kai dala 200,000 ba, waƙar ciki ta ci Oscar. Sing Street na 2016 ma labarin yaran Dublin ne na shekarun 1980 da ke kallon irin bidiyoyin nan a talabijin suna kwaikwayo. Shi kam in ka ga fim ɗinsa ka san nasa ne.

Abba_Kyamara:
Yawwa! Abin da nake ta lalube ke nan. Carney yana da murya. Barron a fim, aikin da aka ba shi yake yi, ya yi shi da kyau, ya wuce. Kunkuru yau, gobe Pinocchio, jibi Mike Bassett: England Manager na 2001, barkwancin kocin ƙwallon Ingila da har Pelé ya leƙo a ciki. Ina zaren da ya haɗa su?

Malam_Tukur:
Abba, ba kowane gini ne ake gane maginin daga nesa ba, wani sai ka shiga ka zauna ka ga shekara talatin bai tsage ba. Mutumin nan yana da shekara 59 ya buɗe The Durrells a ITV a 2016, a tsibirin Corfu na Girka, shirin ya yi zango huɗu. Yana da 65 aka nuna Around the World in 80 Days da David Tennant, wanda aka ɗauka a Afirka ta Kudu da Romaniya, annobar korona ta tsayar da aikin a 2020 suka dawo suka ƙarasa. A nan Passepartout, hadimin jarumin, baƙar fata ne, Ibrahim Koma, Bafaranshe ɗan asalin Mali, kuma shirin bai kauce wa abin da hakan ke jawo masa a tafiyar ba. Malam Bello, wannan ma a sa shi a ma'auni. Tsararsa nawa ne a masu bidiyon 1983 har yanzu ake damƙa wa aiki mai wannan girman?

Bello_Tarihi:
Na sa, Malam. Amma marubuta ne suka tsara Passepartout ɗin haka. Mun dawo kan maganar Ummi: in abu ya yi kyau a ce darakta, in ya ɓaci a ce zamani ne.

Sani_Edita:
Abba, ka ce aikin da aka ba shi kawai yake yi. Ka kalli Choking Man na 2006? Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, da ɗan kuɗi kaɗan. Labarin wani ɗan Ekwado mai tsananin kunya da ke wanke kwanuka a gidan abinci a Queens ta New York, kuma duk abin da ya kasa faɗa da baki, zane ne ke nuna shi. Babu kunkuru, babu Michael Jackson, babu wanda ya aike shi. Ka kalle shi tukuna, sannan ka zo mu yi maganar murya.

Abba_Kyamara:
Ban kalla ba, zan nema a ƙarshen mako. Amma fim ɗaya da sai an yi cigiya kafin a same shi ba zai ture Billie Jean ba, Malam Sani. Ina nan kan bakata.

Kawu_Lawal:
In ka samu ka turo mini ni ma, Abba. Da na ɓeran nan da Malam Tukur ya faɗa, ina son in ga yadda matar ta ƙare da shi.

Hajara_Zariya:
Na samo Merlin ɗin 1998, sa'a uku ne. Dan_Zango, Mab ɗin nan da ke magana kamar maƙogwaronta ya bushe, haka za ta yi har ƙarshe?